Saiwar Salikar Da Na Saka Miki A Bokiti

Ummi, 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya kai ki Lyon lafiya, ya tsare ki a jirgi da kan hanya, ya sa ki tarar da alheri a ɗakinki na unguwar Bron da wajen karatunki. Na san za ki yi dariya ki ce, "Mama, gida ɗaya muka kwana, mene ne kuma na wasiƙa?" To, kin san halina. In na buɗe baki zan yi miki magana mai nauyi, sai in ƙare da tambayar ko kin ɗauki rigar sanyi. Kuma ke 'yar fari ce, akwai abin da bakina ba ya iya faɗa miki ido da ido. Shi ya sa na zauna a madafa na rubuta. Ki karanta in jirgin ƙasa ya fita daga Paris.

Bokitin nan da Babanki ke ta ƙorafi a kansa, wai za ki ji kunya a Gare de Lyon, kada ki kuskura ki manta shi a tasha. Abin da ke ciki mai kama da guntun icce cikin taɓo, saiwar salikar ce, furen nan namu mai dogon kai kamar zangarniyar gero, mai launin shunayya. Daga jikin uwar da ke tsakar gida na datso miki. Ranar da muka je duba ɗakin nan na Bron, ke kina kallon taga kina lissafin nisan jirgin tram zuwa jami'a, ni kuwa idona yana bayan gida, inda indararo ke zuba, ruwa ya kwanta ya bar shaida a ƙasa. A raina na ce, ga wurin salikar. Na tambayi mai gidan, ta ce ki shuka abin da kike so. Saura in faɗa miki yadda ake yi. Ni kuwa ban san wata hanyar koyarwa ba sai in ba ki labarin shirmen da na tafka kafin in iya.

Kin tuna lokacin da muka tare a gidan nan na Montreuil, kina 'yar makarantar firamare, Babanki bai daɗe da gama karatu ya samu aiki ba. Kin ga abubuwa da yawa da idonki, amma ba ki san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Ni a lokacin kewar gida ta cika mini ciki. Da na ga muna da ɗan fili a baya, sai na ce to, Tahoua zan dasa a nan. Na aika aka kawo mini irin kuɓewa da yakuwa da lalo, har da 'ya'yan zogala. Wanda ya zo da su, wani ɗalibi ɗan ƙauyenmu, sai da na bi shi har unguwar Goutte d'Or na karɓa a shagon waya. Na zaɓi lungun da ya fi laima, kusa da indararo, don a garinmu inda ruwa yake can ne albarka take. Na shuka, na yi addu'a, na zauna jira.

Ummi, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi rai ba. Ƙasar nan laka ce mai sanyi, in ta sha ruwa ba ta sakinsa. Kuɓewa ta fito da ganye biyu, ta dubi sama, ta kwanta. Zogala kuwa ko leƙowa bai yi ba. Na tono na duba, irin ya ruɓe yana wari. Na sake shukawa a shekara ta biyu, wai ko irin ne ba shi da kyau. Babanki yana tsaye a ƙofa da kofin shayinsa ya ce, "Hajiya, kuɓewar nan fa ba ta da takardun zama." Na yi kwanaki ban yi masa dariya ba, amma gaskiya ya faɗa. Ban taɓa tsayawa na dubi ƙasar ba, abin da ke raina kawai nake gani. Don haka in kin isa Bron, kada ki yi gaggawar shuka, kuma kada ki yi gaggawar yanke wa garin hukunci. Ki bari a yi ruwa, ki fita ki tsaya ki ga inda yake bi da inda yake kwanciya. Haka mutanen wajen karatunki. Kada ki tafi da niyyar mai da Lyon ta zama Montreuil, kamar yadda na so in mai da Montreuil ta zama Tahoua. Yakuwa kuwa, tana yi a tukunya bakin taga in rana na buga ta, wannan ma sai daga baya na gano.

Da shuka ta ƙi, sai na ɗora laifin a kan ruwa. Ki ji abin mamaki: ni da na tashi ina ɗaukar tulu a kai daga rijiya mai nisa, ni ce na wayi gari ina gaba da ruwa. Na ɗauki hauya na ja masa kwata daga bakin indararo, na kore shi zuwa gindin katanga, don ya bar mini fili. Ya kuwa tafi. Ban tambayi kaina ina ya nufa ba.

Ɗakin ƙasa na maƙwabcinmu ya nufa, Mushe Bernard, wato Malam Bernard a faɗar Faransawa. Ke kin san shi a matsayin tsohon da ke gyara miki keke yana kiran ki da "ma petite", wato 'yar ƙaramata, amma lokacin da ya fara buga mana ƙofa, fuskarsa ja wur take. Ruwa ya shiga ɗakin da yake ajiya, ya jiƙa kwalayen matarsa da ta rasu, tufafinta da keken ɗinkinta. Ya tsaya yana faɗa da Faransanci mai sauri, ni kuma nawa Faransancin bai nuna ba tukuna. Da na ga ba zan iya bin sa ba, sai na mayar masa da Hausa, na ce ai ba ni na yi ruwan sama ba, ya je ya yi ƙarar hadari. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya fahimci muryar. Daga ranar muka daina gaisawa. Ya ce zai kai mu gaban hukuma, kuma mu 'yan haya ne, mai gidanmu ya fara maganar ko za mu nemi wani wuri. Babanki ya toshe kwatar, ya je ya ba da haƙuri, ya ce in zo mu tafi tare. Na ce ba ni zuwa. Kusan shekara guda in na hango tsohon nan a bakin tashar jirgin metiro ta Croix de Chavaux sai in tsallaka titi.

Ba don in ba ki tsoro nake faɗa miki wannan ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne, duk abin da kika kora daga ƙofarki, wajen wani ya tafi: ruwa ne, shara ce, aikin da kika ƙi yi a ɗakin gwaji na laburatuwar ne. Ki riƙa bin sa da ido ki ga kan wa ya faɗa. In kuma kin ɓata wa mutum, ki je a ranar, ko da Faransancinki ya gudu ya bar ki. Da na shiga ɗakin nan na taya shi fitar da kwalaye, da magana ta ƙare tun kafin la'asar.

Mafita ta zo mini ne wata ranar Lahadi cikin watan Yuli. Babanki ya kwashe mu zuwa bakin kogin Marne shan iska, kina gudu a gaba. Can na ga wani fure tsaye a gaɓa, ƙafarsa cikin ruwa, ya kai ƙirjina tsawo, ƙudan zuma sun rufe shi. Ba wanda ya shuka shi, ba wanda ke ba shi taki. Na tsaya ina kallo, sai kakanki ya faɗo mini a rai. A garinmu akwai fako, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Kakanki, Allah ya jiƙansa, yakan haƙa rami mai siffar rabin wata a kan gangare, ya tara ƙasar a gefen ƙasa. In an yi ruwa sai ya zauna a ciki ya nutse a hankali, gero ya fito inda ko ciyawa ba ta fitowa. Na ce wa Babanki, "Malam, ashe ba korar ruwan nan za a yi ba, wurin zama za a ba shi, a kawo masa mai son sa." Ya ce, "To, wa zai yi haƙan?" Na dube shi. Ya gane.

Nan ma sai da na ƙara wani shirmen. Da wuƙar yankan lemu da ke cikin jakata na durƙusa zan tuge furen daga gaɓa. Wani mai gadin wurin ya taho a kan keke ya ce, "Madam, a nan kallo ake yi." Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma mutumin kirki ne, shi ya faɗa mini sunan furen salikar, ya ce ɗan ƙasar nan ne, a fadama yake fitowa, in je wajen masu lambun unguwa za su ba ni. Haka kuwa aka yi, a kyauta wata mata ta ba ni tushe biyu. Ke ma in kin ga abin sha'awa a bakin kogin Rhône, ki bar shi inda Allah ya ajiye shi, ki tambaya. Masu lambu a ƙasar nan ba abin da suke so kamar a roƙe su iri.

Ranar haƙa, Babanki ya fito da sabon shebur da takalmin zuwa buro wajen aiki. Kin san shi, mutumin lissafi ne, ya auna ya sake aunawa, amma in ya soka shebur sai ya ɗebo ƙasar da ba ta cika cokali ba. Muna cikin haka sai na ji murya daga saman katanga: "Kabarin wa kuke haƙawa?" Mushe Bernard ne, karon farko da ya yi mana magana. Na tattara duk Faransancin da na mallaka na ce masa wurin zaman ruwa ne, nesa da katangarsa, don kada ya ƙara shiga masa ɗaki. Sannan na ce, "Kayan Madam da suka jiƙe, ni ce. Ka yi haƙuri." Ya sauka daga katangar. Na ɗauka ya tafi ke nan. Can sai ga shi ta ƙofa da nasa shebur ɗin, ya ce da Babanki, "Mushe, matsa. Ba zan iya ci gaba da kallon wannan ba." Kafin azahar sun gama. Tare muka ci shinkafa da miyar gyaɗa a ranar, yana hawayen barkono yana neman ƙari.

Ga yadda za ki yi naki. Ki yi nesa da bangon gida, taku uku ko huɗu aƙalla. Kada ramin ya yi zurfi, kamar faffaɗan kwano, zurfin tafin hannu da ɗan ƙari ya isa. Ki jera duwatsu daga bakin indararo zuwa cikinsa don ruwa ya bi ba tare da ya ci ƙasa ba. Bayan an ɗauke ruwa ki duba: in ya nutse cikin yini ɗaya ko biyu, madalla, sauro ba zai samu wurin haihuwa ba. In ya daɗe a kwance, ki sassauta ƙasar ki gauraya da rairayi da ruɓaɓɓen ganye. Salikar ki sa ta a tsakiya, inda ya fi laima, kuma inda rana ke samu. Lyon ta fi nan zafi, don haka a bazararta ta farko ki riƙa ba ta ruwa in sama ta yi shiru. In ta kafu, ita ke kula da kanta.

Yanzu ki saurara da kyau, don wannan ce ta fi muhimmanci. In sanyi ya shiga, salikar za ta bushe ƙarmas. Ganye ya zube, kara ya yi baƙi, ki rantse ta mutu. Ni haka na rantse. A watan Janairu na fita cikin haushi na tuge tushe ɗaya na jefa kan tarin ganye a bayan gida, na ce ƙasar nan ba abin da ke yi mini. Na biyun ya tsira ne don hannuna ya ƙage da sanyi na koma ɗaki. Da Afrilu ya kama, ba wanda na bari kaɗai ba, har wanda na jefar sai ga shi ya fito da jajayen tsiro a kan shara, a kwance yana neman sama. Na ɗauko shi na mayar, ina ba shi haƙuri kamar mutum. Jikarsa ce a bokitinki.

Ummi, sanyin farko a baƙon gari mugu ne. Rana ta faɗi tun ba a yi la'asar sosai ba, ki dawo ɗaki ba mai ce miki sannu. A sanyina na farko a Paris, har na haɗa akwati na ce wa Babanki ya mai da ni gida. Ya ce in bari mu ga watan Mayu, in har ina nan kan bakana, shi da kansa zai raka ni. Da Mayu ya zo na manta inda na ajiye akwatin. Za ki ji karatun ya fi ƙarfinki, ki ji malaminki ba ya ganin ƙoƙarinki, ki ji kamar ki ajiye komai. Ban hana ki ajiyewa ba in ya zama dole, amma kada ki yanke wata babbar shawara a watan Janairu. Ki ci abinci mai zafi, ki nemi 'yan'uwa ɗalibai na Nijar ku yi hira da Hausa, ki riƙe sallarki, ki jira. Busassun karan ma kada ki yanke su sai bazara ta kusa, ƙananan halittu na fakewa a jikinsu.

Sai maganar ƙudan zuma. Shekarar da ta fara fure sosai, na buɗe ƙofa da safe na ji tsakar gida na ruri. Ƙudan zuma ne, da waɗansu manya masu gashi kamar an lulluɓa musu bargo, da malam-buɗe-littafi fari da rawaya. A garinmu in zuma ta taso gudu ake yi, don haka na tsorata, na ce za su harbe ki. Na sayo maganin feshi na fesa. Washegari na share gawarwakinsu da tsintsiya, cike da matattarar shara, ƙafafunsu ɗauke da garin fure. Ke ce kika tsuguna kina kallo kika ce, "Mama, me suka yi?" Na jefar da gwangwanin, ban sake ba. Da suka dawo na koyi zama kusa da su da kujerata, na ga ba ruwansu da ni, aikinsu suke yi. Tun daga lokacin kabewar Mushe Bernard take cika masa kwando, har yana rasa wanda zai ba. Shekara nawa ke nan, sau ɗaya aka harbi wani a gidan nan, Babanki ne, shi ma zama ya yi a kanta.

Don haka kada ki fesa komai, ko kin ga ƙwari a ganye. Kuma kada tsoro ya sa ki far wa abin da ba ki sani ba. Ki zauna ki kalla tukuna. Tunda kuma magana ta zo nan, bari in faɗa a gurguje in wuce: ke ma za a zo neman aurenki. Daga Zinder za a zo, daga Maradi za a zo, har waɗanda ban san garinsu ba. Ba na cewa ki kore su, ba na cewa ki buɗe wa kowa. Ki lura da wanda ke da abin yi da wanda ƙara kawai yake da ita. In kin ga na kirki, ni ki fara faɗa wa, don in shirya Babanki a hankali.

In furen ya fara bushewa, ki yanke yawancin kawunan kafin iri ya zuba. Salikar ba ta da kunya wajen haihuwa, in kin sake mata za ta cika gidan mutane. Ki bar kaɗan, abin da ya tsiro ki raba wa maƙwabta. Da 'ya'yan salikar na san rabin mutanen kartiyen nan.

Na ƙarshe, shi ne wanda har yanzu ban gama koyo ba. Da na ga ta yi kyau, sai na ce bari in ƙara mata. Na samo takin tumaki buhu guda na zuba mata, ina ba ta ruwa safe da yamma ko an yi ruwan sama, ina tona gindinta in ga ko saiwa na tafiya. A shekarar ta yi tsawo har ta wuce kaina, ganye shar, fure kaɗan. Iskar farko da aka yi ta kwanta a ƙasa gaba ɗaya, don karan bai yi ƙwari ba. Babanki ya taya ni ɗaure ta da sanduna, yana ɗaurewa yana cewa, "Hajiya, so ne ya yi mata yawa." A shekarar da ta biyo na yi rashin lafiya ban kula ta ba, ita ce shekarar da ta fi kowace fure.

Na san na yi miki irin wannan. Na raka ki lakkol har kika fara roƙona in tsaya a kwana. Na kira wayarki kina cikin aji. Jiya ma sai da na kwance jakarki na sake shirya ta bayan kin shirya, na san kin gani kin yi shiru. To, ga alkawarin da na ɗauka, Babanki ne shaida: ba zan kira ki kullum ba. Ranar Juma'a zan kira, sauran ranaku ke ce da waya. Ba zan hau jirgi in faɗo miki ba sanarwa ba. In kin ji shiru daga wajena, kada ki ɗauka na manta ki. Ina nan zaune a madafa, na tura wayar ƙarƙashin buhun shinkafa don kada hannuna ya kai.

Allah ya tsare mini ke, gaba da baya, dama da hagu. Allah ya haɗa ki da maƙwabta na gari da malamai masu adalci, ya buɗa miki karatu, ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe. Allah ya sa ki gama lafiya, mu zo mu ga ranar da idonmu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Babanki yana gaishe ki. Ya leƙo yanzu ya ce in rubuta miki cewa alkawarin nan nawa bai shafe shi ba, shi gobe da safe zai kira.

Wassalam.

Mamanki